Kiɗan da aka ɗora kan muryarsa

A wata na biyu na takabata na lura na manta muryar mijina. Ina zaune bakin ƙofar ɗaki a gidanmu na unguwar Banifandu, ina tsintar shinkafa, sai na so in tuna yadda yake kiran yara su zo cin abinci. Kalmomin suka zo, muryar ba ta zo ba. Ban yi kuka ba. Na ci gaba da tsintar shinkafata, don a kwanakin nan ko cewa aka yi gobara ta kama gidan, iyakata in ce to.

Shekara goma sha tara muna tare, bai bar mini saƙon murya ko ɗaya ba. Ma'aikacin gwamnati ne, ɗan Damagaram, irin masu ganin saƙon murya aikin malalata ne. Rubutu yake yi da Faransanci, har da waƙafi da aya, ko da cewa zai yi a ajiye masa tuwo. Na sha yi masa tsiya kan haka, yana cewa ni ce malamar lakwal mai koyar da ƴan makaranta, amma shi ke rubutu. Telefon ɗina cike yake da rubutunsa, ba abin da zan sa a kunne.

Ƙanwarsa da ke zaune a unguwar Bobiyel ita kaɗai na gaya wa. Ba ta ce mini sai haƙuri ba, shi ya sa nake sonta. Ta tuna mini da faifan bikinta, wanda aka yi a Damagaram shekarun baya. Yayanta ne ya tsaya kan komai a ranar, ta ce duk inda mai kamara ya juya sai ya same shi yana ba da umarni. Nata faifan ya ɓace wajen ƙaura, amma ta tabbata akwai namu cikin kwalin fayafansa.

Kwalin yana nan ƙarƙashin gado, tsohuwar ordinatarsa ma, wato kwamfutarsa, tana nan, sai dai wurin sa faifai ya daɗe da mutuwa. Kwana uku bayan haka ta zo mini da wani ɗan baƙin abu fale-fale, bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, da igiya da ake sokawa a gefen ordinatar. Lektar ake ce masa. Ta nuna mini maɓallin da ke fito da harshensa, ta ce in ajiye shi a kwance, kada in motsa shi idan yana aiki.

Fayafan suna da yawa, kusan duka ba rubutu a jikinsu, irin na kasuwa ne da ake kwafa. Dole in sa su ɗaya bayan ɗaya. Bayan azahar, yara na lakwal, masu zuwa gaisuwa sun ja baya, sai in rufe taga in kunna. Lektar ya yi ta gurnani kamar injin markaɗe a nesa kafin hoto ya fito. Igiyar ta yi sako-sako, sai na tokare ta da ƙamus. Batirin ordinatar ya mutu tuntuni, da an ɗauke wuta komai ya ɗauke, in zauna ina kallon fuskata cikin baƙin gilashi har a dawo da ita.

Minti ɗaya ya isa in gane faifai ba na bikin ba ne. Amma ba na cirewa. Na kalli finafinan Indiya, na Kano, na ƴan kokawar Sin, tun daga farko har rubutun ƙarshe. Ana mutuwa a ciki, ana rawa, ana rabuwa a tashar jirgi, ni ko a jikina. Yau idan aka tambaye ni labarin ɗaya, ba zan iya kawowa ba. Gwaggona da ta zo daga Tawa don ta zauna da ni ta leƙo wata rana, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai takaba da silima ba. Na ce mata yau ta gani. Ta saki labule, ba ta sake ɗaga maganar ba.

Sai a mako na uku na sami faifan bikin. Ya karce sosai, na huro masa numfashi na goge da bakin zane, lektar ya yi ta fama kafin ya karɓa. Furanni suka fito suna juyawa, da zobba biyu, sannan rumfar biki. Ga shi nan cikin farar shadda, ƙiba ba ta kama shi ba tukuna, yana nuna wa mutane wurin zama, bakinsa na motsi.

Na manta yadda masu kamararmu ke aiki. Idan sun zo haɗa faifai, sai su share duk maganar mutane, su ɗora kiɗa tun daga farko har ƙarshe, wai don ya yi armashi. Da haka muke so, mu muke cewa a sa mana waƙa kaza. Awa biyu yana magana, yana dariya, har ya sunkuya ya ce mini wani abu a kunne na ture shi, duk a ƙarƙashin ganga da piyano. Na ƙara sauti har ordinatar na karkarwa, kamar hakan zai fito da shi. Ban ji haushin mai kamarar ba. Na so in ji, ban ji ba.

Dab da ƙarshe, waƙa ta ƙare kafin hoto ya ƙare. Mai haɗin ya yi sakaci, ya bar ɗan gurbi. Kamara tana kallon ƙasa, ƙafafu kawai ake gani da robobin ruwa. Sai hayaniyar wurin ta ɓarke, cikinta wani namiji ya ce, “Ku matsa da kujerun nan inuwa.”

Na mayar baya. Na sake mayarwa. Na yi ta yi har lektar ya yi zafi. Mijina yana da ƙane, autansu, wanda tun da can mutane ke cewa ba a bambanta su a telefon, kuma shi ma yana wurin ranar. Na rufe ido na saurara da dukan kunnena, shekara goma sha tara na kwana kusa da muryar nan, na kasa cewa tasa ce ko ba tasa ba.

Da ƙanwarsa ta zo na kunna mata. Ta saurara sau biyu.

“Wallahi matar Yaya,” ta ce, “kamar shi, kamar kuma Auta. Ki bari in kira Auta in tambaye shi.”

Na ce kada ta kira. Idan ya ce shi ne ya faɗa, shi ke nan ba ni da komai.

Ranar da na fita takaba autan ya zo daga Damagaram. Ya zauna a falo ya yi ta hira har la'asar, ordinatar da lektar suna kan tebur kusa da gwiwarsa. Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, na ce ya gaida mutanen gida.