Littattafai Bakwai da Na Yanke da Reza

Cheetham Hill

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na asuba, na fita da leda a hammata. A cikinta akwai littattafai bakwai da na yanke da reza daga Littafi Mai Tsarki na abokina Danjuma, ɗan Katolika, shekara ashirin da suka wuce. Aro ya ba ni. Na ƙirga littattafan ciki na ga saba'in da uku, na cocinmu kuwa sittin da shida ne, sai na mayar masa da shi a rame, har ina cewa na share masa datti. Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba. Yanzu 'yarsa ta bugo waya, ciwon suga ya cinye masa ido, jiki kuma babu daɗi.

Matata ta rako ni ƙofa. "Baban Ladi, in ya kore ka, kada ka tsaya wa'azi."

Hanya

Na nuna katin tsofaffi na shiga mota kyauta a tasha, direba ya ce wannan na bas ɗin cikin gari ne. Na biya fam tara. Mun tashi ƙarfe bakwai, tafiyar awa biyu da rabi, ina cin burodi da ƙwai ina karatu. Littafin tarihin ikilisiya ne, na saye shi ranar da kansil ta rufe laburaren unguwarmu ta yi gwanjon kayansa. A ciki na ga yadda magabata suka yi ta tambaya a kan kowane littafi: wa ya rubuta wannan, akwai shi da Ibrananci, ana karanta shi a taron sujada? Har tsofaffin bugun Turanci na ɗariƙunmu sun ajiye bakwai ɗin nan tsakanin Alkawura biyu, Tsoho da Sabo. Ni da na tsaya a firamare bakwai ban tambayi kowa ba.

Sparkhill

Goma da kwata na shiga ɗakinsa. Ya gane ni da tari.

"Fafaroman Cheetham Hill! Ka zo da rezar?"

Na ɗora masa ledar a cinya. Ya shafa takardun, ya daɗe.

"Bishop-bishop sun yi shekaru ɗaruruwa suna gardama, kai ka gama kafin shayi ya huce."

"Na yi kuskure, Danjuma. Har yau ba na cewa daidai suke da sauran, amma hannuna ya yi rashin kunya."

"To ka kawo wa makaho takarda. Zauna ka karanta."

Na fara da labarin wani tsoho da ya makance. Ina tuntuɓe da sunaye, yana gyara mini da ka. 'Yarsa ta kawo tuwon semo da miyar kuka, na ce ko ya yafe?

"Sai mun kai na bakwai. Kuma ban ce ka yi sauri ba."

Gida

Ƙarfe takwas na dare na iso. Na gode wa Ubangiji da ya bar shi da rai da wannan bakin nasa. Shafi goma sha ɗaya kawai muka ci, ni kuwa na fara roƙon Allah ya ba mu kwana mu duka biyu.