Fakon da Na Ce a Kotu Aro Na Ba Ta

Shekarun baya ni ɗan biɗa ne kamar yawancin mazan ƙauyenmu na ƙasar Buza. Da an gama girbi sai in ɗaure jaka in nufi Abijan, ba a sake ganina sai hadari ya fara haɗowa. Ina da baki, ina da zuciya, kuma ba na son a ce wani ya fi ni, ko da a cikin gidana ne. Matata kuwa mai shiru ce, amma in ta sa abu gaba sai ta ga ƙarshensa.

A cikin gadon da mahaifina ya bar mini akwai wani fako a kan tudu, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ba ta fitowa a cikinta. Matata ta taɓa yin aikin gandari, na farfaɗo da ƙasar da ta mutu, wajen danginta a Keita, inda ta koyi haƙa tassa, wato 'yan ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, da jera duwatsu don tare zaizaya. Wata rana ta roƙe ni in ba ta fakon. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce mata in ta iya tada shi daga matattu to nata ne har abada, na ba ta duniya da lahira. Baffana yana zaune a wurin, shi ma ya yi dariya ya ce ya shaida. Ba mu je wurin mai gari ba, ba mu rubuta komai ba. Wa zai rubuta takarda a kan duwatsu?

Shekara shida tana ɗaukar dutse a ka, tana kwasar kashin awaki a kwando tana hawa tudun nan da goyo a baya. Duk dawowata sai in tarar wurin ya ƙara canzawa, har ya zamana hatsinta ya fi na gandunmu tsayi. Maimakon in yi murna, sai abin ya fara cina. A majalisa abokai suna tsokanata wai matata ce ke ci da ni, ni kuwa sai yawon Abijan da sabon agogo. Na riƙa neman ta da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da ta sayar da wake ba ta gaya mini ba, na sake ta, kuma girman kai ya hana ni mayar da ita har iddarta ta cika.

Da damina ta matso, ta aiko cewa za ta zo ta yi shuka a gonarta. Na ce wace gona? Aka je gaban sarki bai iya sasanta mu ba, sai ta kai ƙara kotun Buza. Kafin nan baffana ya riga ya rasu.

Alƙali yana zaune da dattawa biyu masana al'ada a gefensa. Ya bayyana mana cewa a shari'ar da aka ɗaura mana aure, ba a tara dukiyar miji da ta mata a raba biyu, kowa abinsa yake ɗauka. Gadonta da kwanukanta da awakin da ta zo da su nata ne, ban ma yi gardama a kansu ba. Sai aka zo kan gona. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce abu ɗaya ake son sani: kyauta na ba ta, ko kuwa gamana ce, irin yankin da miji kan ba matarsa ta noma muddin tana gidansa? In kyauta ce tata ce, in aro ne ya koma ga mai shi. Na buɗe baki na ce aro ne. Aka tambaye ta shaida, ta ce shaidarta yana kabari. Aka tambaye ta takarda, ta nuna tafin hannuwanta. Alƙali ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce tunda ba ta da shaida, saura ni in rantse.

Aka ce in je in yi alwala. Na yi, kuma wallahi da niyyar rantsewa na dawo. Ina miƙa hannu wajen Alƙur'ani sai ta tashi tsaye, ta ce ta janye ƙararta. Alƙali ya tambaye ta har sau biyu ko wani ya tilasta mata. Ta ce a'a, ba za ta tsaya tana kallo uban 'ya'yanta ya dafa littafin Allah a kan ƙarya ba, gona ba ta kai nan ba. Aka rubuta gona tawa ce, aka ba ta rabin amfanin shekarar don wahalarta.

Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. In na shiga gonar ba na iya yin wuni a ciki, in na tafi Abijan kuma sai in ƙagu in dawo. Bara na aika wa yayanta a Urno, inda take zaune yanzu, cewa ta zo ta karɓi abinta. Ta aiko cewa ba ta karɓar sadaka. In da gaske nake, in koma inda na ce aro ne in faɗa da bakina cewa kyauta ce. Sau biyu ina zuwa Buza, ina kaiwa ƙofar kotun sai in wuce kasuwa kamar wani abu na zo saya.

Na rubuto muku ne don mata su ji: duk abin da miji ya ba ku, komai rashin darajarsa a ranar, ku kira shaidu fiye da ɗaya, ku je wurin mai gari a rubuta, kada kunya ta hana ku. Alƙali bai ga ranar da aka yi kyautar ba, da abin da aka kawo gabansa yake hukunci. Ku kuma maza 'yan'uwana, kada ku ɗauka wanda kotu ta ba gaskiya ya huta. Ni takardar tana cikin akwatina da hatimi a kanta, kuma har yau in babban ɗana ya tambaye ni gonar wa muke nomawa, sai in ce masa ya yi sauri rana na yi.