Rafin da Baba Ya So Ya Tsoma Ƙafa

A unguwarmu ta Hashimi, da zarar hadari ya haɗo sai ka ga an fara fito da shara. Wannan da bokiti, wancan da tsohon buhun shinkafa, kowa na jiran ruwa ya sauko ya juye ta a kwata, wai ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Ba mai tambaya. Ni dai tun ranar da na ga inda take zuwa, ƙyamar ɗabi'ar nan ta cika mini ciki.

Baba ne ya sa na gani. Bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ya daina cin abincin kirki, ya daina hira, sai kallon silin. Likita ya ce a riƙa fitar da shi yana shan iska. Shi kuwa magana ɗaya yake nanatawa da karkataccen bakinsa: a kai shi rafin bayan gari. Can yake zuwa da la'asar a da, in ya tashi daga shagon ɗinki, ya tsoma ƙafa a ruwa har ciwon bayansa ya lafa. Ya ce in dai ƙafar ta ji sanyin ruwan nan, za ta tashi.

Na kira mai keke napep, muka cicciɓe shi. Tun kafin mu isa wari ya tarbe mu. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, ledojin fiyawota sun toshe shi, ga famfas ɗin jarirai a kumbure, ga mushen kaza ƙudaje sun yi masa caa. Wani bawan Allah cikin wankakkiyar shadda ya tsaya a kan gada, ya wurga ƙullin shara, ya kakkaɓe hannu, har da yi mana sannu.

"Baba, mu koma," na ce.

Ya yi nuni a sauke shi. Muka zaunar da shi a kan wani dutse, dama tun a keke ya sa na cire masa takalmi. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya miƙa hannunsa mai lafiya ya jawo takalmin, ya yi ta fama har ya zura ƙafar da kansa.

Bai sake ambaton rafi ba. Muna isa gida wani hadarin ya haɗo, maƙwabta suka fara jera bokitai. Baba ya ce in rufe masa taga.