Fayil Ɗin Oga Da Ba A Taɓawa

Har gobe ban manta da Larabar da muka kai wa wata makaranta a Damilu manhajarsu ba. Lokacin ina babban mai rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Jimeta, Rifkatu kuma sabuwar ɗauka ce, tana watannin gwaji.

Aikin kashi uku ne: na waya, na shafin intanet, sai kashin da suke tarayya, inda suna da tambari suke. Ukun suna zaune cikin folda guda, wadda muke kira uwar folda. A bakinta akwai ɗan fayil mai gaya wa injin harhaɗawa inda kowane kashi yake. In injin bai ga fayil ɗin kusa ba, sai ya haura sama yana nema, wanda ya fara tararwa shi zai bi.

Rifkatu ce ta harhaɗa a kwamfutar ofis. Muka hau keke napep, muka je, hedimasta ya tara malamai. Ana buɗe manhaja sai ga tambarin wani kantin magani, har da hoton kwalbar maganin tari.

Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Malam Sale, ɗaliban namu ne ba su da lafiya?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka koma, Oga, mai kamfanin, bai tambayi komai ba. Ya ce wa Rifkatu, "Ke kika haɗa. In ba ki gyara zuwa Juma'a ba, kada in gan ki Litinin."

Muka zauna. A kwamfutata tambarin makaranta, a tata ma haka. A ta ofis kuwa, maganin tari. Muka goge, muka sake kwafa, maganin tari. Na canza filasha, har wayar wuta na canza, don kaina ya gama kullewa. A duk aikinmu babu ko kalmar magani, to daga ina yake fitowa?

Ran Alhamis Rifkatu, wadda ke kira na Hamma, wato yaya, ta ce, "Hamma, wai wannan fayil ɗin da ke saman folda AYYUKA a kwamfutar ofis na mene ne?"

Na ce, "Na Oga ne, ba a taɓawa."

"Me yake yi?"

Na ce ban sani ba. Tun zuwana na same shi a wurin, kowa ratse shi yake yi.

Dokar ofishinmu ita ce, kowane aiki a zuba kasonsa kai tsaye cikin folda AYYUKA, don Oga ba ya son tone-tone. Rifkatu ta bi doka, ta zuba ukun ba tare da uwarsu ba. Injin ya haura, ya tarar da tsohon fayil ɗin Oga na aikin kantin magani, ya ɗauki AYYUKA a matsayin uwa, ya jawo tambarin can. Muka maido da tamu uwar foldar da fayil ɗinta, sai ga tambarin makaranta.

Na shiga wajen Oga ina ta kwana-kwana. Ya leƙa ya ce, "Wannan? Ai na zaci naku ne, shi ya sa ban goge ba." Ya danna ya goge, ya ci gaba da shan shayinsa. Bai kira Rifkatu ba, balle ya ba ta haƙuri.

Na fito da murnata na ce mata aikinta ya tsira. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hamma, fayil ɗin da ba ya amfanin kowa, duk kun ji nauyin taɓa shi. Ni kuwa ba wanda ya ji nauyin taɓa ni."

Shi ya sa nake gaya muku, ku yara masu koyon aiki, kowane aiki ku ba shi uwar foldarsa, kuma in abu ya lalace a fara tuhumar fayil kafin mutum. Rifkatu ta cika watanninta, aka ba ta takardar tabbatar da ita a aiki, ta ce ta gode, ba ta so.