Malam Mainasara, Suna Bakwai Kawai Na Rubuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Mainasara, tsohon malamin daji kuma shugaban ƙungiyar raya itatuwa ta garinmu a ƙasar Baure. Ya faɗi daga kan kekensa yana dawowa daga gona da tsakar rana, aka kai shi asibiti a Daura, kafin la'asar ya cika.

Ni ce Talatu, mahaifiyar Harisu mai saran itace. Sai da na yi jika uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Malam, sanina da kai ya fara ne ranar da ka kama ɗana yana sarar gawo a gandun gwamnati. Na fito ba mayafi, ina jiran a wuce da shi kotu. Sai ga ka ka kawo shi har zaurenmu, ka jingine gatarinsa, ka ce, "Talatu, a gidan nan me ake ci in bai sari itace ba?" Na ce babu. Daga nan ka ce shekara talatin kana kama mutane, daji bai daina ƙarewa ba.

Kai ka fara yi mana bayanin sauyin yanayi da maganar da muke ganewa. Ka nuna mana rairayin da ya binne gero a gonakin arewa, da rijiyar da igiyarta ke ƙara tsawo duk shekara. Amma ba ka taɓa cewa mai gatari ya ajiye gatari ya zauna da yunwa ba. Ka bi manoma gona-gona, kana roƙon su bar tofon da ke fitowa daga kututture in an zo sassabe. Tofon ya zama itace. Sai ka ɗaura alkawari: duk rani masu saran itace su shiga su rage rassa, dami biyu nasu, ɗaya na mai gona, makiyaya su kwashi 'ya'yan gawo bayan an kawar da amfani. Gona arba'in da ɗaya ta amince. Da wannan Harisu ya riƙe matarsa da 'ya'yansa huɗu shekara uku, bai sake kayar da itace ba.

Ba na manta ranar da wani manomi ya ce tsuntsaye za su cinye masa gero in itatuwa suka yi yawa. Ka ce masa, "Alhaji, ka fara samun geron tukuna, sannan mu yi shari'a da tsuntsaye." Har shi ya yi dariya, ya ba da gonarsa.

Duk wannan alkawari da baki aka yi shi, a kanka yake. Kai ka san wanda ya yarda, da iyakar da ya ce a tsaya. Watan jiya ka kawo mini littafi mai bango ja, ka ce, "Ke ce magatakardar mata, ki rubuta. Ni idona ya tafi." Muka zauna, kana faɗa ina rubutawa. A suna na bakwai na dubi layukana sun karkace, kunya ta kama ni, don na san maza masu ilimi za su gani. Na ce ka bari hannuna ya ƙara faɗawa, mu ƙarasa bayan Salla. Ka ce, "Ai ba kyau ake nema ba." Na nace, ka ƙyale ni. Sallar ta wuce da kwana goma ka rasu.

Malam, tun kafin sadakar uku abin ya fara warwarewa. Harisu ya je gona biyu an maido shi, an ce ba a san da wata magana ba. Wani mai gona ya riga ya yi ciniki da masu gidan burodi, za su kayar da gawo shida da ka rena da hannunka. Jiya na tarar da ɗana yana wasa gatari. Ya ce, "Inna, ko dai in koma gandu a kama ni, ko in hau motar Mai'adua in bi Yaya." Yayan nasa, ɗana na fari, ya tafi haƙar zinariya arewa shekara huɗu ke nan, ba waya, ba saƙo. Ɗaya ya rage mini. Na roƙe shi, ya ce zai jira har ranar sadakar bakwai.

Ba na iya cin abinci. Ina buɗe littafin in ƙirga, kullum bakwai ne. Ka yafe mini, Malam. Ka ba ni aiki ɗaya, na tsaya kunyar hannuna.

Ya Allah Ka jiƙan bawanka Mainasara, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya kowane itacen da ya tsayar ya zama inuwa gare shi ranar da rana za ta kusanto kawuna. Ina yi wa uwargidansa Hajiya Siddiƙa ta'aziyya, da 'ya'yansa Anwar da Khairunnisa, da 'yan ƙungiyarmu maza da mata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ku kuma masu gona talatin da huɗu da suka rage, kun san kanku, Allah ma Ya san ku. Ranar sadakar bakwai zan zauna a ƙofar gidan Malam da jan littafin nan tun daga hantsi. In kun gama addu'a, don Allah kada ku wuce ni. Kowa ya tsaya ya faɗi sunansa da iyakar gonarsa. Hannuna yana da nauyi, layukan za su karkace, amma zan rubuta.