Wendell da Sikelin Juma'a

Ƙarfe biyar na asuba, duk ranar Allah, sai na tarar da Wendell Hruska a bakin kicin ɗin ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka da kofinsa mai kama da bokiti. Madara ce a ciki, da ayaba huɗu, da ƙwai, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Yana sha yana runtse ido kamar mai shan maɗaci. Ni ce mai dafa wa 'yan wasa abinci, shekara goma sha tara ke nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsani ci kamarsa ba.

Ɗan manomin masara ne daga Nebraska. Allah ya yi shi dogo, bai yi shi ƙato ba. Yana sakandare wani koci ya ce masa in ya ƙara jiki zai sami karatun jami'a kyauta. Tun daga nan yake ɗura. Aikinsa a filin wasa shi ne tsayawa a layin gaba, su biyar, su tare ƙattin da ke son cafke mai jefa ƙwallo. Shekara takwas yana wannan aiki, ƙwallo ba ta taɓa shiga hannunsa a wasa ba. Ba a kiran lambarsa a lasifika sai ya yi laifi.

Duk Juma'a da safe suna hawa sikeli. Sauran suna tsoron su wuce ƙa'ida, shi tsoronsa ya gaza. Koci Dabney ya yanke masa laba ɗari uku da biyar, in ya sauka ƙasa da haka akwai wani a benci yana jiran gurbinsa. Likita kuma ya ce zuciyarsa da gwiwoyinsa ba za su ƙara ɗaukar wannan kaya ba, ya sauke hamsin.

"Mama Earlene, yau da me za ki kashe ni?"

"Taliya da nama, faranti uku. Kar ka kawo mini surutu."

"Matata ta ce minsharina ya fi na tarakta."

"Tarakta ma sai an zuba mata mai. Ci."

Sau ɗaya na tambaye shi me ya hana shi bari. Ya ce, "In bari in yi me? Gonar an sayar. Ture mutane kaɗai na iya." Ban sake tambaya ba.

A watan Nuwamba ciwon ciki ya kama shi kwana uku. Ranar Juma'a ya hau sikelin buhunan dankalina a ɓoye, ya ga ɗari biyu da casa'in da bakwai. Tyree, wanda ke tsayawa a hagunsa a layi, ya leƙo.

"Kai, Masara, ka zama sanda! Ko mu ne za mu riƙa tare maka yanzu?"

"Rufe mini baki, miƙo galan ɗin can."

Ya shanye galan guda na ruwa a tsaye, wuyansa na rawa. Ya je ya hau sikelin koci, ɗari uku da biyar cif. Koci bai ko ɗago kai ba.

Sikeli ya ruɗu, amma ƙaton da ya tsaya gabansa ranar Lahadi bai ruɗu ba. Sau biyu ya tura Wendell baya kamar keken kasuwa, ya danne mai jefa ƙwallo. Ranar Talata aka sallami Wendell daga ƙungiya.

Gaskiya ni daɗi na ji. Na gasa masa kifi ɗaya da ɗan ganye a ƙaramin faranti. Ya zauna yana ci a hankali, yana taunawa. Ya ce, "Ashe kifi yana da ɗanɗano."

Bai kai rabi ba wayarsa ta yi ƙara. Wakilinsa ne, mai nema masa ƙungiya. Wata ƙungiya a arewa, ɗan layinsu ya karye, suna son mutum jibi, suna tambayar nauyinsa.

"Ɗari uku da goma," in ji shi.

Ya ajiye wayar ya dube ni.

"Ɗan nan, likita fa?"

"Mama, taimaka mini kawai."

Na yanka burodi biyu, na shafe su da gyaɗa da zuma, na cika masa jaka. Ta taga na gan shi ya cusa kansa cikin motarsa, ya ɗora jakar a cinya. Ya ja baya da hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana tura burodi a baki.