Damtsen da na yi wa bauta

A zamanin Turawa, shekarar da kawuna ya dawo Rimaye daga aikin soja, ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma ina ganin kaina ɗan kokawa. Ban taɓa kayar da wani sananne ba, amma a gidanmu ba mai musa mini.

Kawu bai dawo da abin kirki ba in ban da takalma masu nauyi da kuma tsawa. Wata rana ya je Kankia ya sayo sandar ƙarfe ta wata motar gyaɗa da ta mutu a hanya, ya cika garwar kananzir biyu da yashi, ya ɗaure ɗaya a kowane bakin sandar. Ya kuma kwaso tsofaffin 'ya'yan dutsen niƙa guda biyu waɗanda mata suka yar. Ya ajiye su duka a gindin tsamiyar bayan gidansa, ya kira ni da babban ɗansa, taubashina, wanda muke sa'a da shi.

"Haka aka yi muna a bariki," in ji shi. "Da fari ku aza ƙarfen ga kafaɗa, ku tsugunna, ku tashi. Sannan ku ɗaga shi daga ƙasa da ƙarfin baya. In kun gama waɗannan, sannan ku ɗauki duwatsu ku yi wa hannu aiki. Wanda ya juya mini tsari, ni da shi."

Na ce, "Kawu, in dai duka za a yi, mene ne bambancin wanda aka fara da shi?"

Ya dube ni kamar na yi tusa a masallaci.

"Abin da ka fara da shi, shi ke cin ƙarfinka tun yana sabo. Na ƙarshe saura yake samu. Ƙafa da baya su ke riƙe ɗan kokawa, don haka su za su fara ci."

Na ce to. A raina kuwa na riga na yanke hukunci cewa bariki ta taɓa masa kai. Wa ya taɓa tsayawa a kasuwa yana kallon cinyar mutum? 'Yan matan da ke sayar da fura damtse suke kallo, ni shaida ne, domin na daɗe ina kallon inda suke kallo.

Kullum bayan la'asar, in mun dawo gona, mukan haɗu a gindin tsamiyar. Kawu yakan tsaya kanmu kwanakin farko, daga baya hira ta ja shi majalisar dattawa, inda yake ba su labarin yadda shi kaɗai ya tsare wata gada. Da na ga ya ba da baya sai in rarumi duwatsu. In lanƙwasa hannu, in miƙe, in lanƙwasa, har jijiyoyi su tashi. Lokacin da zan zo kan ƙarfen, hannuna ya gaji, ba na iya riƙe shi a kafaɗa. Sai in zubar da rabin yashin, in tsugunna sau uku, in ce na gama. Taubashina yana can yana nishi kamar jaki a hawan tudu, garwarsa cike, kullum ma ƙara yashi yake yi.

"Kai dai za ka yi kyau a makara," yakan ce mini. "Sai dai a bar hannuwan a waje."

Damtse kuwa ya fito. Na yanke hannun taguwata biyu da wuƙa. Na sami wani zare ina auna kaurin hannuna duk Juma'a, ina ƙulla alama. Innata ta ga taguwar ta tambaye ni ko ɓera ne. Ranar kasuwar Kusada nakan yi tafiyar nan takanas, ba abin da zan saya, in tsaya kusa da masu fura ina sosa ƙeya don hannun ya kumbura.

Da kaka ta yi, aka sa kokawa a Mawashi. Taubashina ya fara shiga, ya kayar da mutum biyu, na uku ya kayar da shi bayan sun daɗe suna fafatawa. Ni aka haɗa ni da wani gajere mai haƙar rijiya, baƙi, mai ƙaramin kai, hannuwansa ba abin a zo a gani. Na zagaya fili ina ɗaga hannuwa sama, makaɗa suka ƙara wuta, mata suka yi guɗa. Gajeren yana tsaye yana sakace haƙori.

Muka kama. Na damƙe kafaɗunsa, na ji daɗin damƙar ƙwarai. Na ja shi, bai zo ba. Na tura shi, bai tafi ba. Sai ya sunkuya ya sa kafaɗa a cikina ya tura sau ɗaya, gwiwoyina suka lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Ban san lokacin da na bar ƙasa ba. Na dai ga sama, na ga ƙafafuna a cikinta, sirara, sannan bayana ya daki ƙasa. Guɗar matan ba ta ma gama sauka ba.

Wata tsohuwa a bakin fili ta ce da ƙarfi, "Wayyo, ashe duk a sama aka zuba shi."

A hanyar gida, sai da muka kusa gari sannan kawu ya tsaya ya sa na tattare wandona, ya daɗe yana duban ƙafafuna.

"Mi ka fara da shi duk watannin nan?"

Kafin in buɗe baki, taubashina ya amsa a madadina, har da kwaikwayon yadda nake sosa ƙeya.

Washegari kawu ya ɓoye duwatsun a rumbunsa. Wata biyu ban yi komai ba sai tsugunno da tashi, garwa cike, shi kuma yana zaune a kan turmi yana ƙirga mini da tsawa, in ya ga dama ya manta lissafi ya koma ɗaya. Makon farko, in zan yi alwala sai na dafa bango. Daga baya ya fito da duwatsun, amma a ƙarshe, kamar yadda ya faɗa tun farko.

Kakar da ta biyo baya na roƙa aka sake haɗa ni da mai haƙar rijiyar. Ya sake kayar da ni. Sai dai wannan karon ya sha wuya, har makaɗa suka gaji suka sauya kiɗa, kuma da ya miƙo hannu ya tashe ni, haki yake yi. Ya tambaye ni ko ina son aiki, yana neman mai ja masa ƙasa daga rami. Na bi shi rani uku.